Kano da Damagaram a Idon Baƙo

Duk mutumin Gwarzo ko Kabo da ya hau mota zai je Kano, ta Kabuga zai shiga birni. Zai wuce Rimin Gado, ya wuce Janguza da sabuwar Jami'ar Bayero, sai ya tsinci kansa a cunkoson 'yan adaidaita sahu da masu tallar ruwan leda. Ta ƙofar Kabugan nan ne sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka kutsa cikin Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, bayan igwarsu ta kasa fasa ƙofar da suka fara gwadawa, Sarki Alu kuwa yana can wajen Sakkwato. Mu mutanen Kutama mun fi kowa bin wannan hanya, amma da wuya ka ji fasinja ya ɗaga kai ya ce ga inda aka ci garin. Hankalin kowa yana kan aljihunsa da abin da ya kawo shi kasuwar Kwari ko ta Singa. Ɗan gida ba ya kallon gidansu, sai ya yi baƙunci a wani wuri idonsa yake buɗewa.

Baƙunci mafi araha da ɗan Kutama zai yi a wata ƙasa shi ne ya nufi Damagaram, wato Zindar, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 240 daga Kano ba. Biranen nan biyu sun cancanci a ɗora su a sikeli ɗaya. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Gat da Agadas, a Zindar yake sauke gajiya, a Kano yake kwance kaya. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma sauka Zindar a ƙarshen 1852. Shekara huɗu ce kacal tsakanin faɗuwarsu a hannun Nasara: Faransa ta ci Damagaram a 1899, Ingila ta ci Kano a 1903. Abin tambaya shi ne, baƙon da ya zo yau yana son ya ga abin da Turawa suka tarar da abin da suka bari, wanne gari ne zai fi cika masa ido, kuma wanne zai fi gaya masa gaskiya? Ni a ganina ba gari ɗaya ne yake cin duka biyun ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Kazaure da Daura zuwa Kongolam. Kana tsallaka shinge ka shiga Ɗan Barto, ka zama ɗan wata ƙasa, alhali gero iri ɗaya ne a gonakin hagu da dama, mai shayin wannan ɓangare kuma wataƙila surukin na wancan ne. Iyakar ba ta tsufa ba. Tsakanin 1906 da 1908 ne wata tawagar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa ta bi daji tana kafa duwatsun da suka raba ta. Amma tana da haƙora. An rufe ta a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, kuma tun Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. A bakin shingen za ka fara jin baƙuncinka a aljihu. Ɗan canji zai karɓi damin nairarka ya miƙo maka 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba, ka je sayen ƙosai yarinya ta ce maka dala ashirin, ka tsaya kana lissafi da yatsu kafin ka gane ƙwandalar ɗari take nufi, domin biyar-biyar suke ƙirga kuɗinsu. Tana ganin ka yi jim za ta yi murmushi ta ce, “Baba, daga Najeriya kuke ko?” Ba ka ce komai ba an riga an gane ka.

Daga nan sai Matamai, sai Kance, sai Takeita inda za ka hau babban titin da ya taso daga Yamai. Kafin ka isa Zindar za ka ratsa wani ƙaramin gari, Tirmini, wanda direba ba zai ko rage gudu a cikinsa ba. A nan ne aka yi karon da ya karya Damagaram. Tushen rigimar shi ne, a 1898 wani kyaftin na Faransa mai suna Kazamaju ya sauka Zindar a kan hanyarsa ta zuwa gabas, fada ta yi zargin ƙawance zai je ƙullawa da Rabe wanda ya riga ya cinye Barno, aka kashe shi a watan Mayu tare da tafintansa. Bayan shekara guda, a ƙarshen Yulin 1899, ragowar rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan, wadda ta bar toka da gawarwaki tun daga bakin Kwara har ƙasar Hausa, ta gamu da mayaƙan Sarki Ahmadu Kuren Daga a Tirmini. Bindiga mai jigida da horon bariki suka rinjayi dawaki. Sarki ya fice daga birni, aka bi shi aka kashe. Wannan Ahmadu shi ne wanda dawakinsa suka addabi ƙasar Kano a zamanin Alu, har Gezawa suka iso. Kada Bakano ya shiga Damagaram yana ɗaga hanci. Ba ta taɓa bin Sakkwato ba, Barno take kai wa gaisuwa, kuma mutanenta ba su manta cewa kakanninsu sun taɓa sa Kano rufe ƙofa ba.

Zindar gari uku ne a haɗe. Akwai Birni inda fada take, akwai Zango inda fatake da Buzaye suke sauka tun zamanin ayari, akwai kuma sabon gari a tsakani wanda Faransawa suka shata da tituna miƙaƙƙu. A Birni ne baƙo zai kashe yininsa bai sani ba. Lunguna ne ƙanana masu karkacewa, wani wurin jaki da kaya ba zai gifta ɗan'uwansa ba, sun ratsa tsakanin manya-manyan duwatsu mulmulallu da aka gina gidaje a jikinsu. Ka tsaya gaban zaure ɗaya ka ƙare masa kallo. Ginin tubali ne da aka shafe da makuba, zankwaye a tsaye a kan kusurwoyinsa, fuskarsa kuma magini ya cika ta da zane tun laka tana ɗanye: dagi a tsakiya, takobi a gefe, da'irori suna zagaye ƙofa, an bi wasu da shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. Ƙyauren itace ne mai ƙusoshin maƙera, dokin ƙofar ya lotsa saboda sawun shekaru. A ciki dattijo yana zaune a kan buzu, ga dumar tawada da allo a jingine. Ka yi sallama, zai amsa ya ce, “Maraba da Malam, a shigo daga ciki, rana ta yi zafi.” Irin wannan zaure tsofaffinmu suke ba da labarin sun gani a cikin birnin Kano, a Zindar kuwa ba sai ka nemi ɗan jagora ba, kwana kawai za ka sha ka ci karo da wani.

Fadar ma tana nan da dogarawanta cikin ja da kore. Yawancin abin da ake tinƙaho da shi a garin aikin Sarki Tanimun ne, wanda ya yi mulki daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwa, ya sa maƙeran gari suka riƙa zuba masa igwa, ya ja kasuwancin hamada zuwa ƙofarsa. A kan tudun duwatsu da ke kallon Birni kuwa ga barikin da Faransawa suka gina suka sa masa sunan kyaftin ɗinsu da aka kashe; bayan samun 'yanci aka mayar masa da sunan Tanimun. Wurin da suka zaɓa kaɗai ya isa ya gaya maka irin mulkin da suka zo yi. Daga can sama ana hango tsakar gidan Sarki, kuma bakin igwa yana iya juyowa ko wane lokaci. A 1906 suka tuhumi Sarki Ahmadu ɗan Bassa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kore shi daga ƙasar, suka bar gari a hannun wani bafade mai sarautar Ballama. Sai a 1923 suka maido da sarautar ga Barma Mustafa. Faransawa ke mulkin ƙasar kai tsaye a lokacin, kumandan ne mai yanke magana, Sarki ɗan aike ne.

Daga 1911 Zindar ce hedikwatar yankin Nijar baki ɗaya. A 1926 Faransawa suka kwashe komatsansu suka koma Yamai. Dalili na fili shi ne ƙishirwa, domin garin a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta kai wa ga ruwan kirki. Dalili na ɓoye kuwa, Zindar ta yi kusa da Kano da yawa. Zuciyar attajiranta da malamanta a kudu take, inda Ingilishi yake mulki. Tun daga ranar garin ya daina gudu. Ofisoshin da aka gina masu kauri da baranda suna nan, maƙabartar Turawa tana nan, babu wanda ya zo da kuɗin da zai sa a rushe su a yi bene.

Kano labarinta daban ne. Gwamna Lugga bai rushe sarauta ba, amfani ya yi da ita. Ya naɗa Abbas sarki a 1903, aka kai Alu Yola sannan Lakwaja inda ya rasu a 1926. Bature ya fice daga birni ya yi wa kansa mazauni a Nasarawa da Bompai, ya bar En'e da alkalai da dogarai suna aiki da sunan Sarki, shi kuma Razdan yana riƙe da linzami daga nesa. Saboda haka baƙon da ke neman wata hasumiyar soja da ke leƙen Gidan Rumfa zai sha yawo a banza. Abin da zai samu a warwatse yake. Akwai Gidan Makama, tsohon gini tun zamanin Sarki Rumfa, wanda Turawa suka fara yin ofis a cikinsa, yanzu gidan tarihi ne. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909. Ginin ƙasa ne mai rufin azara, ka shiga da azahar ka ji sanyi ya ratsa ka ba tare da fanka ba. Akwai tashar jirgin ƙasa, akwai filin sukuwa, akwai Sabon Gari da aka keɓe wa baƙi 'yan kudu don kada su cuɗanya da mutanen birni. Tsakanin kowane ɗaya da ɗan'uwansa sai ka ratsa plaza goma da gidan mai biyar. Unguwar Turawa da aka sani da manyan filaye da itatuwan maina da darbejiya an yanyanka ta fuloti-fuloti. Inda dalar gyaɗa ta tsaya a da, sai dai a nuna maka da baki.

Abin da ya cinye tsohuwar Kano shi ne abin da ya gina sabuwarta, wato dogo. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka so, manoma suka zaɓi gyaɗa domin ta fi kuɗi kuma ana iya cinta in fari ya zo, irin su Alhassan Ɗantata suka tsaya tsakanin manomi da kamfani suka yi arziki. Wannan dogon kuma shi ne ya yanke wa Zindar jijiya. Da ya zamana kaya daga Ingila suna isowa Kano ta Ikko cikin 'yan makonni, wa zai ƙara jiran raƙumi ya kwashe watanni yana ratsa hamada? Ayarin Tarabulus ya mutu, gidajen fatake na Zango suka zama kufan arziki, har gyaɗar Magarya da Matamai ma ta Kano ta riƙa bi zuwa teku. Damagaram ta zama kamar kwanon jere a ɗakin tsohuwa, fentinsa bai goge ba domin ba a ci a cikinsa; Kano kuwa tukunyar tuwo ce, kullum tana kan wuta, ta yi baƙi ta sha faci, amma ita ke ciyar da gida.

Shi ya sa nake jin nauyin irin yabon da masu yawon buɗe ido suke yi wa Zindar, wai ta riƙe al'ada, Kano ta zubar. Ba tsabar son tarihi ne ya hana Badamagare rushe zauren kakansa ba. Da yawansu da sun sami kuɗin bulo da kwano da tuni sun yi, kuma waɗanda suka samu suna yi. Kyan da baƙo yake ɗauka a hoto, masu gida da ƙishirwa suke biyansa. Har gobe daga nesa ake jawo wa garin ruwa, daga wurare irin su Gogo, kuma in bazara ta yi tsanani za ka ga 'yan garuwa da yara da jarkoki sun yi layi tun kafin asuba. Matatar man da aka buɗe a arewacin garin a 2011 ba ta kashe wannan ƙishirwa ba. Rashin kuɗi ma ba ya adana gini har abada. A farkon Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, mutane suna tsaye suna kallo. A Kano ba ruwa ne ya ci Ƙofar Na'isa ba, katafila ce ta ture ta a 2010 don a faɗaɗa titi, aka maye ta da ta siminti. Badala kuwa masu ɗiban ƙasa da masu shaguna sun gama da mafi yawanta. Birnin Zindar yana cikin jerin wuraren da ke jiran amincewar UNESCO tun 2006, ganuwar Kano tun 2007. Agadas ta shige a 2013, su biyun suna nan suna jira, abin da za a nuna kuma kullum raguwa yake yi.

Akwai kuma abin da birni ko wanne ba zai nuna wa baƙo ba, sai ya fita karkara. Mulkin Ingilishi bai bar manyan gine-gine a ƙasar Kano ba domin ba da gini ya yi mulki ba, da takardar haraji ya yi. Razdan na farko, Dakta Kargil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya yanka ƙasar gunduma-gunduma ya tilasta wa hakimai su bar zaman birni su koma cikin talakawansu. Gwarzo da Ƙaraye da Getso garuruwa ne masu ganuwa tun kafin zuwansa, domin su ne a bakin iyakar yamma inda Maraɗawa suke kawo hari. Da Bature ya zo hari ya ƙare, ganuwa ta rasa aiki, mutane suka bazu suka kafa ƙauyuka a dajin da a da ba a kwana. A madadin mahara sai ga malamin haraji da littafinsa, ga jangali a kan kowace saniya, ga Di'o yana rangadi, dagaci da mai unguwa suna rawar jiki. Kuma da kuɗin Bature ake biya, ba da wuri ko dami ba, don haka dole manomi ya shuka abin da kamfani zai saya, ya kai fuloti a auna, ɗan baranda ya ci nasa a tsakani. Wanda yake son ya ji yadda wannan sauyi ya kasance a bakin mace, ya nemi littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta fitar a 1954. A wajen Zarewa ta tashi, kudu da mu kaɗan, ta ga zamanin hari ta kuma ga ranar da bayi suka watse daga rinji. Harajin nan bai bar wuyan talakan Kano ba sai a 1979, da Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali.

A ɗaya gefen iyaka abin ya fi haka ɗaci. Ban da haraji akwai aikin tilas, a kwashi majiya ƙarfi a kai su fasa dutse da gina hanya ba ko sisi, kuma kumandan yana da ikon ɗaure mutum ba tare da alkali ba. Sai a 1946 aka soke wannan. Kafin nan ƙauyuka da dama sun tsallako kudu da dare da iyalansu da awakinsu. Ba don Ingilishi mai tausayi ba ne. Shi dai ya gane cewa manomin da aka bari a gonarsa ya fi kawo kuɗi. Baƙon da ya tsaya a kan kallon gine-gine zai koma gida yana cewa Faransa ta fi barin abin tarihi, bai san cewa talakan wancan zamani da ƙafarsa ya nuna inda wuya ta fi sauƙi ba.

Ta fuskar karɓar baƙo ma biranen biyu sun bambanta, amma wannan ba ya bukatar dogon bayani. Kano ta saba da baƙi har ta daina ganinsu; Balarabe da Bayarabe da ɗan Sin duk ɗaya ne a Kwari, in dai da ciniki. A Zindar ana lura da kai, a tambaye ka mutanen gida, a raka ka har inda za ka. Tun da sojojin Faransa suka fice a ƙarshen 2023 Turawa masu yawo sun ɗauke ƙafa, baƙon da ya rage yawanci mu ne, 'yan kasuwa da masu ziyarar dangi da almajirai. Shingayen hanya kuwa, na nan da na can, kowa ya san halinsu, sai haƙuri da cikakkun takardu.

In aka ce in zaɓa wa mai kwana biyu kacal, ido kuma yake son ya ciyar, Damagaram zan tura shi ba tare da wani dogon tunani ba. Ya je da hunturu, ya daidaita tafiyarsa ta haɗa da Alhamis don ya ci kasuwar Dole, ya nemi dukawa ya ga aikin fata, kuma ya tambayi direbobin Daura halin da iyaka take ciki kafin ya ɗaura niyya. In kuwa so yake ya fahimci yadda 'yan tsirarun Turawa suka juya miliyoyin mutane shekara hamsin da bakwai, Kano ce makarantarsa, da sharaɗin kada ya tsaya a Nasarawa. Ya fito yamma, ya kwana a Gwarzo ko Kabo, ya zauna da tsofaffi bayan la'asar.

Tsofaffin nan su ne abin da muke da shi wanda Damagaram ba ta fi mu ba, kuma su ma ba jira suke ba. Har yanzu a Kutama da Getso da Garo akwai waɗanda suka biya haraji da hannunsu, suka kai gyaɗa fuloti a kan jaki, suka san inda ganuwar garinsu ta bi kafin a mayar da ita gona. Ina roƙon malaman tarihi na makarantun sakandaren Gwarzo da Kabo, ku ɗauki ɗalibanku da wayar hannu ku je ku naɗi muryoyinsu a wannan ranin, kada ku bari sai baɗi.